Hankicin Hilja

Port Alden, Michigan
12 ga Disamba, 1904

Masoyiyata Hilja,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da ƙafarta mai ciwo.

Albishirinki! An kafa gasar hokin ƙanƙara ta garuruwa biyar, wasan nan da ake buga faifan roba da sanda, kuma biyan 'yan wasa ake yi a fili, abin da ba a taɓa yi ba. Har daga Kanada aka ɗauko mana mai tsaron raga, Angus Tulloch, wani ƙato mai gemu kamar tsintsiya. Ya rantse aska ba za ta taɓa shi ba sai mun ci kofi.

To ga babban labarin: ni, Eino mai aski, aka zaɓa alƙalin raga! Bayan raga zan tsaya a kan ƙanƙara, in faifan robar ya shiga in ɗaga hankici. Wanda kika yi wa aikin allura zan riƙa ɗagawa. Shago kuwa cike yake da ma'aikatan ramin haƙar tagulla, ba hirar da ake yi sai ta wasa. In aka ɗore haka, bikinmu na watan Mayu ba fashi.

Naki har kullum,
Eino

20 ga Janairu, 1905

Hilja tawa,

Ina gaisuwa, ina fata sanyi bai matsa muku ba.

Kai, jiya an yi wasa! Mu da 'yan Redstone, uku da uku, ihu kamar rufin ɗakin wasan zai faɗo. Saura minti ɗaya ɗan wasansu ya sheƙo faifan, ya wuce ta ƙarƙashin Angus, ya daki ƙarfen cikin ragarmu ya dawo waje. Ba wanda ya gani sai ni. Hannuna ya yi nauyi, amma sunanki ne a jikin hankicin nan. Na ɗaga, aka cinye mu huɗu da uku.

An jefe ni da dunƙulen ƙanƙara har gida. Yau ko mutum ɗaya bai shigo shago ba, har Toivo da muka tashi tare ya tsallaka titi da ya hango ni. Ina tsoro, Hilja. In abin ya ɗore, ban san da me zan riƙe ki ba.

Naki,
Eino

29 ga Janairu, 1905

Hiljata,

Gaisuwa a gurguje!

Kwana takwas ina korar ƙuda, a garin da ko ƙudan babu. Jiya Asabar da rana tsaka, titi cike, sai ga Angus ya turo ƙofa, ya zube a kujera. Ya ce faifan ya shiga, shi ma ya ji ƙarar ƙarfen, tun ranar kunya ta hana shi sakat. Wai in kwashe gemun duka. Na tuna masa rantsuwarsa, ya ce kofin da za a ci da ƙarya, gara haɓa ta sha sanyi.

Mutane suka yi cincirindo a taga, suna kallon mutumin da na ɗaga wa hankici ya miƙa mini maƙogwaro, ni da aska a hannu. Kafin in gama, mutum tara na layi. Toivo ne na farko, yana ta sosa ƙeya, marar kunyar banza.

Ki gaya wa Inna Mayu na nan daram. Ki kuma yi mini sabon hankici, don da wancan na share wa Angus jini. Murna ce ta sa na yanke shi.

Angonki,
Eino