Littafin da Aka Rubuta a Kan Gwaggo Yelwa

Jidda, Maris 1986

Zuwa ga mahaifina Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Yaya ciwon gwiwar? Ni lafiya lau, sai gajiyar aikin jinya.

Baba, na ga ƙanwarka. Gwaggo Yelwa tana raye. Wata mai waina a unguwar Bab Makka na kwatanta wa zanen fuskarku, ita ta kai ni gidan da take. Gidan wasu 'yan kasuwa ne, a can Mabruka suke kiranta. Larabci ya cinye mata rabin Hausa, amma da na ambaci sunanka sai ta zame ta zauna a ƙasa. Abin da kuka daɗe kuna zargi haka ne. Gwadabe, jagoran ayarin da Kaka ya damƙa wa ita lokacin da ciwo ya kwantar da shi a hanyar hajji, shi ya sayar da ita suna sauka daga jirgin ruwa.

Ya kamata in cika takardar nan da murna, amma raina a ɓace yake. Akwai 'yar gidan, Nuhad, malamar makaranta, wadda Gwaggo ta goya. Ta ce tana yarinya ta karanta wani tsohon littafin Turawa a kan bayi, inda ake dukan wani bawa mai tsoron Allah yana yi wa ubangijinsa addu'a har ya mutu, ta yi kuka sosai. Shi ne ita ma ta rubuta wa yara nata, a kan Gwaggo. Ta ba ni kafin a kai shi bugawa, wai in mayar mata da shi Hausa saboda 'ya'yan mutanenmu na nan.

Na karanta. Wai an tsinci yarinya baƙa ta ɓata, aka riƙe ta don Allah. Ba ta taɓa fushi ba. Da aka hana bauta a ƙasar nan aka ce ta tafi, ta ƙi saboda ƙauna. A kowane zane tana murmushi, ga farar yarinya a cinyarta tana koya mata Fatiha. Baba, Gwaggo ta haddace a wurinka tun kafin ta bar gida izu nawa? Ita ce ake koya wa Fatiha!

Ban ba Nuhad amsa ba tukuna. A gaida kowa.

'Yarka,
Rabi'a

Jidda, Mayu 1986

Baba,

Bayan sallama da gaisuwa, takardarka ta iso. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Ka ce in yi haƙuri in gode musu, tunda sun ci da ita sun tufatar da ita, kuma littafin yabo ne ba zagi ba. Ka gafarce ni, Baba, wannan karon ban bi maganarka ba.

Ranar hutuna na zauna na karanta wa Gwaggo shi da Hausa. Na yi ta karantawa har na kai inda aka ce ta ƙi tafiya saboda ƙauna. A nan ta ce in rufe. Ashe tana da ɗa, Othman. Ɗan tsohon maigidan ne. Yana fara wayo uwargida ta sa aka ba wasu 'yan uwansu shi a garin Ɗa'if, ba a ko bari ta ɗaure masa kayansa ba. Da aka ce ta tafi, ta ga in ta bar gidan, ranar da ya zo nemanta ina zai same ta? Abin da ya zaunar da ita ke nan. Kana da ɗan ƙanwa, Baba, wanda yanzu ya girme ni.

Na tambaye ta ko ta yafe musu kamar yadda littafin ya ce. Ta ce: "Na bar wa Allah. Ban ce na yafe ba."

Ita da kanta ta sa aka kira Nuhad. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ta hana a yi littafi ba, amma a sa Othman a ciki, a rubuta cewa sayen ta aka yi. Nuhad ta yi ta hawaye, ta rungume ta, ta rantse ba ta da uwar da ta fi ta. Na kuma yarda har zuciyarta take faɗa, shi ya fi ƙona min rai. Sannan ta ce ba za a iya ba, littafin yara ne, irin wannan labari ya fi ƙarfin yaro.

Gwaggo ta ce: "Shi ma yaro ne lokacin."

An buga littafin yadda yake. Na mayar wa Nuhad nata, na ce ta nemi wani mai fassarar. Washegari Gwaggo ta ɗaure 'yan kayanta ta biyo ni masaukinmu na ma'aikata. Ban san me shugabarmu za ta ce ba, kuma ban damu ba.

Kada ka sa ran ganinta a gida yanzu. Ta ce ba ta hawa jirgi sai ta san ko Othman yana raye. Nuhad ta ba ni sunan mutanen da aka ba shi a ɓoye, Juma'a mai zuwa za mu tafi Ɗa'if. Kai ne za ka zo. Ka fara neman takardun umra, na yi magana da Alhaji Bawa na garinmu, zai raka ka. In kun haɗu, don Allah kada ka fara mata da maganar haƙuri. Ta ji ta isa. Ka kira ta da sunanta kawai.

Tana gaishe ka, ta ce ko har yanzu kana tsoron raƙumi.

'Yarka mai ƙaunarka,
Rabi'a