Kujerar Gaba

Yaya,

Na fita, sha barcinka. Umma ta faɗi a bakin banɗaki ɗazu. Jirin motar jiya bai sake ta ba, sai bin bango take yi. Sau nawa ta roƙe ka kujerar gaba? Ka ba abokinka, ka cusa ta baya, ka rufe gilashi, ka fesa turare. Da ta yi amai, kujerarka ka fara dubawa, wai raki ne. Sannu, direba!

Ta rantse ba ta ƙara shiga mota, ko don ganin jikokinta. A ƙafa zan kai ta asibiti, tana dafe da kafaɗata.

Bokiti da sabulu suna bakin ƙofa. Je ka yi jinyar wadda ka fi tausayi.