Makullin da Na Murɗa a Gangara

Chanchaga, Minna.
Laraba, tsakiyar damina.

Zuwa ga Maman Asabe,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki amsa ba, na kuma san takardar nan ba za ta same ki ba. Amma na rasa wanda zan faɗa wa in ba ke ba.

Shekara uku ke nan ina jin haushin masu karanta labarai a rediyo. Har yau "matsalar tsaro" suke kiran abin da ya raba ni da ke. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi, in na ga yaƙi na san shi. Ƙasar da mutum zai nemi gafarar iyalinsa kafin ya fita sayen doya, in ba yaƙi ake yi ba, me ake yi?

Asabe ta haihu, mace, an mayar da sunanki. Na kasa kiran sunan, sai dai in ce Hajiya. Cefane yanzu ni nake yi. Sau ɗaya a mako muke cusa kanmu mu huɗu a keke napep zuwa Kasuwar Kure, kowa ɗauke da saƙon maƙwabtansa. Har yanzu ban iya zaɓen doya ba. Nakan ɗaga, in juya ta kamar yadda kike yi, amma ban san abin da kike dubawa ba. Me ya hana ni tambayar ki tun kina nan?

Motarmu tana tsakar gida a kan duwatsu. A kanta nake son yi miki magana.

Kin tuna tsarin da na kafa da fetur ya yi tsada? Tafiya ɗaya a wata zuwa kasuwar Gwada, inda doya da dawa suka fi araha, mu sayo wa gida huɗu a lokaci guda. Na rubuta shi na liƙa a bayan ƙofa, ina ji da kaina, wai ni mai ilimi. Kuma duk gangaren da muka samu sai in kashe mota, ta gangara da kanta, don a rage shan mai. Kin tsani wannan. Kin ce shirun motar yana tayar miki da hankali. Ni kuwa sai in yi ta yi miki bayani kamar ina gaban allo.

Ranar nan, kafin mu baro Gwada, mai sayar miki da daddawa ta ce an ga babura a daji tun safe. Kin roƙe ni kada in kashe mota a hanya, yau kaɗai. Na ce to. Da muka iso gangaren nan na kafin gada, na murɗa makulli. Ba mantuwa ba ce, ina sane. Kin dube ni.

Sai ga 'yan bindiga sun fito daga ciyawa. Motar da ke gabanmu ta ƙara wuta ta tsere. Ni na firgita na taka birki, tamu ta tsaya cak a gabansu kamar na kai musu ita. Sau uku ina murɗa makulli, ta ƙi tashi. Suka buɗe wuta, harsashi ya same ki, suka kwashe kayan, ni ko kallona ba su yi ba.

Da aka tambaye ni, na ce mota ce ta mutu da kanta. Mutane suka ɗora laifin a kan Ndagi bakanike, don shi ya gyara ta a makon. Masu kai masa aiki suka watse, yanzu faci yake yi a bakin titi. Ya zo gaisuwa yana kuka, ya durƙusa yana neman gafarata. Maman Asabe, na buɗe baki na ce na yafe masa. Ni! Har yau in ya hango ni sai ya cire hula. Asabe kuwa ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Sau nawa na kai bakin rumfarsa na juyo? Ba tsoron Ndagi nake yi ba. In ya sani, Asabe za ta sani. Za ta ƙara miƙo mini Hajiya in riƙe? Ke kaɗai kika ga hannuna a kan makullin, ke kuma kin tafi da abin ba ki faɗa wa kowa ba. Rufin asiri ne, ko ba ki samu lokaci ba ne?

Gangaren bai kai tafiyar minti ɗaya ba. Man da na yi tattali bai cika kofin shayi ba. Kin rasu a kujerar gaba kafin la'asar, shekararmu arba'in da ɗaya da aure.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Sai mun haɗu, in kin yarda ki dube ni.

Mijinki,
Malam Garba