Hannuwan da Suka Taɓa Cikin Malam Mai Alli

Cikin alhini mai nauyi, da kunyar da ta hana mu ɗaga kai mu dubi mutane, Ƙungiyar Likitocin Iyali da Ma'aikatan Asibitocin Unguwa take sanar da mambobinta da sauran jama'a cewa ta sami labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, tsohon Shugaban Ƙungiya, Shugaban Kwamitin Sabunta Ilimi har zuwa ranar da ciwo ya kwantar da shi, Babban Likita, dattijon arziki, wanda manya da ƙanana a cikinmu suka fi sani da Malam Mai Alli. Allah ya karɓi abinsa a ɗakin jinya bayan an yi masa tiyata sakamakon ciwon dajin hanji, maiɗakinsa Hajiya tana zaune a gefen gadonsa. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Bisa yadda muka saba, rabin shafi ya ishi saƙo irin wannan: a ce wane ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, a jero muƙamansa, a yi addu'a, a sa hannu. Wannan karon hannunmu ya ƙi rubuta haka, domin mambobinmu da suka je gidan rasuwa sun dawo mana da maganar da ta tsaya mana a rai, cewa wasu daga cikin dangin marigayi suna faɗa, ba tare da sun ko rage murya ba, wai Hajiya ce ta zuba ido mijinta yana ramewa har ya ƙare, wai matar likita guda amma ta kasa tura shi asibiti. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne labarin da babbar 'yar marigayi ta ba mu, cewa mahaifiyarta ta fara yarda da wannan magana, ta daina cin abinci, ba abin da take maimaitawa sai da ta sani da ta ƙara matsa masa. Kwamitin Zartarwa ya zauna, ya ga cewa ba mu da bakin yi wa wannan baiwar Allah ta'aziyya alhali ana ɗora mata kayan da muka san ba nata ba ne.

Kafin mu zo nan, wajibi ne jama'a su san wanda aka rasa. Likitan asibitin unguwa shi ne mai ganin kowa da komai, daga jariri mai zazzaɓi zuwa mai juna biyu, zuwa tsoho mai hawan jini, kuma ilimin da ya fito da shi daga makaranta tsufa yake yi a hannunsa yana ji yana gani, saboda layin marasa lafiya ba ya barinsa ya buɗe littafi. Marigayi ne ya fara tara mu wata-wata a ɗakin jiran ƙaramin asibitinsa, bayan an sallami mara lafiya na ƙarshe, a kan bencinan da suka tashi daga kai, ya karanto sababbin ƙa'idojin magani ya warware mana su dalla-dalla. Shi ne ya dage sai an shigo da nas-nas, da masu gwajin jini, da masu ba da magani, har da masu ba da kati, yana cewa wanda ke bakin taga shi ke fara ganin fuskar mara lafiya. Da ƙungiya ta yi ƙarfi ta sami zaurenta ta sayi majigi, Malam ya ce a bar masa allonsa, don haka ba ka raba hannun rigarsa da farin alli, kuma daga nan sunan ya bi shi.

Ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba, da yawanmu makin halartar zama da ake nema wajen sabunta lasisin aiki ne ke kawo mu, mu shigo a makare, mu zauna kusa da ƙofa, waya a tafin hannu. Malam ya sani sarai, yakan dube mu ta saman tabarau ya ce, "Makin na ofis ne, ku kai musu abinsu. Ilimin kuwa na mara lafiya ne, ajiya aka ba ku." A hannunsa muka daina yi wa kowane mai zazzaɓi allura ba tare da gwaji ba, a hannunsa muka koyi zama mu saurari tsohuwa har ta gama bayaninta. Akwai kuma darasin da ya maimaita mana har muka haddace shi muna kwaikwayon muryarsa a bayan idonsa: duk babban mutumin da ya fara ramewa babu dalili, kada a ba shi maganin ƙarin jini a sallame shi, a kwantar da shi, a danna cikinsa da kyau, a tura shi a ɗauki hoton cikin.

To, a gaban idonmu Malam ya fara ramewa. Kwat ɗinsa ta fara rataya a kafaɗunsa, ya huda sabon rami a bel, mu kuwa, zaure cike da likitoci, sai muka shiga yaba masa. Muka riƙa tsokanarsa da saurayi, muna tambayarsa ko Hajiya ta san sabon shirin da yake yi, har Kwamitin Wayar da Kai ya ɗauki hotonsa ya sa a fostar rage ƙiba, fostar da har zuwa makon rasuwarsa take manne a bangon wasu asibitocinmu. Akwai wata muguwar ɗabi'a tsakaninmu wadda jama'a ba su sani ba: likita ba ya yankan kati, ba ya bin layi, ba ya kwanciya a duba shi, sai dai ya tare abokin aiki a baranda su yi magana a tsaye. Haka Malam ya yi. Ya ce wa wani a wurin shan shayi yana jin kasala, aka ce aiki ne ya yi masa yawa. Ya ce wa wani cikinsa na damunsa, aka ce gyambon ciki ne, aka faɗa masa sunan ƙwayar da shi ya koya mana ita. Babu wanda ya ce masa, Malam, zo ofishina gobe ka kwanta.

Abin da ya fi wannan muni ya faru ne a zaman da aka ware don tuna wa mambobi yadda ake duba ciki da hannu. Mutum-mutumin robar da muke koyo a kansa ya yage, ba a gyara ba, sai Malam ya cire kwat, ya hau gadon duba marasa lafiya da ke gaban zaure, ya ɗage rigarsa, yana dariya ya ce, "Yau ni ne mara lafiyar. Ku zo ku koya a kaina, kuma kada wanda ya tausaya mini." Muka yi layi. Mafi yawanmu da kan yatsu muka shafa, ido na kallon silin, kamar mai taɓa murfin tukunya mai zafi, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya danna cikin wanda yake ɗauka uba. Amma akwai waɗanda suka danna yadda ya koyar, kuma hannunsu ya ji wani abu mai tauri a ƙasan ciki ta dama. Kowannensu ya janye hannunsa, ya ce an gode Malam, ya koma kujerarsa.

Ba mu san yawan waɗanda suka ji ba sai bayan rasuwar, a zaman Kwamiti, lokacin da wata likita daga cikin matasanmu ta fashe da kuka ta faɗi abin da hannunta ya ji. Kafin ta share hawaye wani ya ce shi ma, sannan wani, sannan wata, har da masu furfura. Ita ta ce ta ga ba ta isa ta gaya wa Malam abin da ke cikinsa ba, tunda manya na bayanta a layi. Manyan suka ce sun ga ba maganar cikin taro ba ce, za su kira shi daga baya, kuma ba su kira ba. Wani ya ce ya ɗauka ai Malam ya san da abinsa, yana neman magani a ɓoye, bai so ya tona masa asiri. Ni mai sa hannu a wannan saƙo ina cikin layin nan, hannuna ya ji, kuma hujjata ba ta fi tasu kyau ba. Ladabi muka kira abin a ranar, yau kuwa kunyar faɗin wannan kalma muke ji.

Da tawagarmu ta je gaishe da Hajiya muka ji sauran labarin. Ita ce ta fara lura, tun da ta ga tana rage masa ƙugun wando, abinci kuma yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta haɗa shi da yayansa, har ta je da ƙafarta ta karɓo masa ranar ganin likita a babban asibiti, ya ɗage saboda ta yi karo da zamanmu na wata. A ranar da muka yi layi a kansa, ya koma gida da fara'a, tun daga bakin ƙofa yake ce mata, "To Hajiya, sai ki kwantar da hankalinki. Yau likitoci cike da zaure sun danna cikin nan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Ke dai tsoro ne da ke." Ta ce mana, "Daga ranar bakina ya mutu, 'ya'yana. Ni wace ce da zan ja da ku?" Ba da faɗa ta faɗa ba, har tana sa a kawo mana ruwa, mu kuwa da ta zage mu da ya fi mana sauƙi.

Ƙungiya ba ta cewa da mun yi magana da Malam yana raye, domin rai da ajali na Allah ne, kuma ba mu da ilimin abin da bai faru ba. Abin da muka sani shi ne watanni sun shuɗe tsakanin wannan zama da ranar da ciwo ya kayar da shi a ofis, kuma likitan da ya yi masa tiyata ya shaida mana cewa abin da ya tarar ya daɗe yana girma. Waɗannan watanni a wuyanmu suke. Saboda haka Kwamiti ya zartar cewa daga yanzu kowane mamba, komai girmansa, zai kasance da likitansa da katinsa kamar kowa, an kuma hana duba abokin aiki a tsaye a baranda, sannan duk wanda hannunsa ya ji wani abu a jikin wani, ko da malaminsa ne, ya ja shi gefe ya gaya masa kafin su rabu. Zaman wata mai zuwa ba zai ɗauki wani darasi ba sai wannan, kuma waɗanda suka tsaya a layin su ne za su tsaya gaban allo su ba da labarin da bakinsu.

Ga iyayenmu, yayyen marigayi da ƙannensa da sauran dangi masu daraja, mun san zafin rashi ne ke sa zuciya neman wanda za ta kama, kuma ba mu ga laifinku ba. Roƙonmu shi ne ku sauke wannan magana daga kan Hajiya, a cikin gida da wajensa. Duk mai tambaya ko mai ƙorafi, ƙofar ofishin ƙungiya a buɗe take, zai same mu a zaune, kuma ba za mu kare kanmu ba.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙan Malam da rahama, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sanya kowane mara lafiya da ya sami sauƙi ta dalilin karatunsa ya zama haske a mizaninsa. Allah ya ba 'ya'yansa da jikokinsa da danginsa da ɗalibansa juriyar wannan babban rashi, ya haɗa kansu, ya tsare su daga abin da zai raba zumuncinsu.

Ke kuma Hajiya, uwarmu, muna durƙushe muna neman gafararki, ba don mun cancanta ba. Muna roƙonki ki ci abinci, ki daina tuhumar kanki, kuma a karanta wannan saƙo a gaban duk wanda ya taɓa ɗaga miki murya. Tsakaninki da mu likitocin da muka kewaye Malam, ke ce ba ki yi karatun likita ba, kuma ke kaɗai ce kika ce masa ya je asibiti.

Sa hannu:
Likita, Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya,
a madadin Shugaba da Kwamitin Zartarwa,
Ƙungiyar Likitocin Iyali da Ma'aikatan Asibitocin Unguwa.