Sunan da Ban Faɗa Ba

Daren Laraba, Kurawa

Da la'asar ina sussukar gero ƙofar gida, mutum biyu suka tsaya bisa mashin, suka roƙi ruwa. Na ɗebo masu a randa, don ba a hana baƙo ruwa. Na bayan ya sha, ya ce, "Baiwar Allah, mi ne sunan mai gidan ga?"

Na sunkuyar da kai. Shekara goma sha ɗaya da aure ban taɓa kama sunanshi ba, sai gaban baƙo? Sau uku yana tambaya. Ƙarshe ya yi dariya ya ce, "Kunya ce," suka wuce.

Da magariba maƙwabciyarmu Inna Hajo ta shigo tana haki. Ashe mutanen daji ne, 'yan bindiga, suna neman wanda ya sai da bajimai biyu kasuwar Sabon Birni. Suna kawai aka ba su, ba su san gidan ba. Maigidana ne suke nema. Ta riƙe ni tana cewa, "Ɗiyata, kin yi jarumta."

Ba jarumta ba ce, ni na sani. Da gidan wani suka tambaya da na nuna, don ban iya ƙarya ba.

Maigida ya gudu garin Isa wajen ƙanenshi. Ga ɗiyana kwance. Ni na hore su da faɗin gaskiya ga kowa. Gobe za ni ce masu, in baƙo ya tambayi sunan babansu, su ce ba su sani ba. Ban san da wane ido za ni dube su ba.