Tarihin Gwangwan Ya Maƙale a Kwamfuta

Zuwa ga ƙanwata Rekiya,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya damina? Ɗana Nasiru ne ke rubuta mini daga nan Fatakwal.

Ni lafiyata ƙalau. Kwamfutar Nasiru ce ba lafiya, wadda na zauna na zuba wa tarihin garinmu Gwangwan kaf da bakina. Ta ɗauke ɗif. In an kira kamfanin da ya ƙera ta, sai su sa mana kiɗa, can wata ta ce a yi haƙuri, a kashe a kunna. Yo abin da ya mutu ake kashewa?

Na ji wai yanzu Badamasi ke ba da tarihi a ƙofar masallaci, har tabarma ake shimfiɗa masa. Badamasin da a bakina ya ji komai!

Ba mantuwa nake ba, amma sunan wanda ya haƙa tsohuwar rijiyarmu ya ɓuya mini, yana cikin kwamfutar. Ki roƙi maigidanki ya zauna wurin Badamasi ya jiyo mini. Kada ya ce ni na tambaya.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Ilu