Sunan da Za a Sa wa Sansani

Elm Ford, Nebraska
3 ga Oktoba, 1904

Zuwa ga matata Hulda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama, tarin ya lafa? Ki gaishe ta, ki ce surukinta bai mutu da yunwa ba tukuna, ko da yake waken da na dafa jiya ko kare ya ƙi shi.

Albishirinki! Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta amince mu buɗe reshenmu a nan garin, abin da suke kira sansani. Mu goma sha huɗu muka rage a gundumar nan cikin 'yan sa-kan da suka tafi yaƙi a Manila, kuma kowa ya sa hannu. Mai shagon ƙarafa ya ba mu ɗakin sama. Na ciro kakina daga akwati, maɓalli uku suka ƙi haɗuwa, laifin girkinki ne.

Saura suna. Al'ada ce a sa wa kowane sansani sunan wani da bai dawo ba. Ban bari kowa ya riga ni ba, na miƙe na ce Vaclav Hruby. Kin san shi a bakina, shi ne wanda muka yi tanti ɗaya da shi, mai rera waƙar ƙasarsu Bohemiya da muryar jaki. Sajan Dunlap kuma ya kawo sunan Kyaftin Pardee. Kyaftin yana da titi da sunansa, yana da dutsen tunawa a gaban kotu, Vaclav kuwa ko kabarinsa iyayensa ba su taɓa gani ba. Lahadi mai zuwa za a jefa ƙuri'a. Tun safe nake bin gonaki ina neman goyon baya, har dokin ya fara hararata.

Ki dawo da wuri. Naki,
Lyman

7 ga Oktoba

Hulda tawa,

Gaisuwa da fatan alheri, Allah Ya ƙara wa Mama sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai na jawo wa kaina magana.

Dunlap ya tsare ni a ƙofar gidan waya. Ya ce sunan sansani na wanda harsashi ya kashe ne, kuma takardar da za a aika hedkwata sai an karanta ta a gaban kowa, har da abin da ya yi ajalin mutum. Ya dube ni ya ce na san abin da za a karanta.

Na sani kuwa, kuma ban taɓa gaya miki ba. Ba harsashi ne ya kashe Vaclav ba, zazzaɓin taifot ne. Kwana goma sha tara yana kwance a asibitin tanti, ya rame har ina ɗaga shi da hannu ɗaya. A kamfaninmu idan mutum ya tafi ta wannan hanya, abokinsa ne ke rubuta wa gida, kuma abu ɗaya muke rubutawa: harsashi a ƙirji, bai sha wahala ba. Ni na rubuta wa iyayensa haka.

Jiya kuma sai ga Baba Hruby, mahaifin Vaclav, da keken dokinsa, ya ji labari. Ya kawo mini burodi mai zaƙi da matarsa ta gasa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce zai zo ranar Lahadi. Hulda, kunya ta kusa kashe ni. In na janye sunan, na ci amanar Vaclav. In na bari a karanta, tsohon nan zai ji a bainar jama'a cewa shekara biyar ina yi masa ƙarya. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Lyman

10 ga Oktoba

Matata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Ki nemi kujera ki zauna.

Jiya bayan an tashi daga coci muka hau ɗakin. Baba Hruby na zaune a bakin taga da rigarsa ta zuwa biki, hula a gwiwa. Da magatakarda ya buɗe takarda, na ce ya dakata, gara a ji daga bakina. Na juya wajen tsohon na faɗa masa komai, da zazzaɓin, da kwanakin, da wasiƙar. Ban iya kallon idonsa ba.

Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Yaro, takardar gwamnati ta riga taka zuwa da mako uku. Ni na karɓe ta, na jefa ta a murhu. Taka na karanta wa uwarsa." Sai ya tambaye ni abu ɗaya, ko akwai wani a wurinsa a lokacin. Na ce ina nan, kansa a kan cinyata. Ya gyaɗa kai ya ce to shi ke nan.

Sai Dunlap ya miƙe. Na ɗauka zai ƙarasa ni ne. Ya ce shi ma irin wannan wasiƙa biyu ya rubuta. Ya ce mutum goma sha ɗaya kamfaninmu ya binne, takwas zazzaɓi ne, kuma shi kansa rabin yaƙinsa a bayan gida ya yi shi, da wando a hannu. Dariya ta ɓarke, wasu suna yi suna share ido. Ya janye sunan Kyaftin, ya ce titi ya ishe shi.

Hannu goma sha huɗu, Hulda! Sansanin Vaclav Hruby! Za a ɗinka sunan a tuta da zare ruwan zinariya, kuma na riga na yi alkawari da bakinki cewa ke za ki ɗinka, kada ki kashe ni.

Da tsohon zai sauka, ya tsaya a bakin matakala ya ce ranar buɗewa zai zo da matarsa, kuma ita mai yawan tambaya ce. Dunlap ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Harsashi a ƙirji. Akwai mai ja?" Ba a samu ba. Shawarar farko ke nan da sansaninmu ya yanke, kuma magatakarda ya ajiye alƙalaminsa bai rubuta ba.

Yanzu ke ma kin shiga ciki, don kusa da ita za a zaunar da ke.

Namiji ba ya samun hutu sai matarsa na gida, saboda haka ki hanzarto.

Naki har kullum,
Lyman Oberg